TSATSA DA YOYO A FAMFON MAN MOTA

Ga shi damina ta ja baya, gero ya shigo gida, gyaɗa da dawa suna tafe. Yanzu ne mota ke da daraja a karkara, gama amfanin gona komai yawansa, in bai kai kasuwa ba bai zama kuɗi ba. Amma kuma yanzu ne motoci da yawa ke nuna ciwon da suka kwaso cikin ruwa da taɓon damina. Ɗaya daga cikinsu shi ne tsatsa a kan famfon mai, wadda ta kan huda ƙarfe har fetur ya riƙa yoyo.

Mutane sun raina wannan ciwo don mota ba ta tsayawa nan da nan. Direba ya ji warin fetur ya ce ai halin mota ne, mai mota kuwa ya ce a bari sai an gama kwasar kaya. Alhali kuwa hasara iri uku ce ke cikinsa.

Ta fari, kuɗi. A ce abin da ke zuba rubu'in lita ne kurum a awa ɗaya, watau kamar kofin shayi. In mota ta yi aikin awa 8, lita 2 ke nan a yini, lita 60 a wata, kusan cikin tanki guda ƙasa ta shanye. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu 2023, ba mai motar da zai raina lita 60. Sau da yawa ma akawun da ke riƙe da littafin mai shi ke fara gane akwai yoyo, in ya ga tafiya ba ta ƙaru ba amma kuɗin mai ya ƙaru. Kafin a zargi direba da sata, a leƙa ƙarƙashin mota.

Ta biyu, lokaci. Motar da ta mutu a daji da buhu 30 ran jajibirin kasuwa ta jawo wa masu kaya faɗuwa, ko da an gyara ta wanshekare.

Ta uku, wadda ta fi duka, gobara. Fetur ba ya bukatar a ɗumama shi kafin ya kama. Tururinsa ya fi iska nauyi, ya kan bi ƙasa ya taru a kwari, kuma in ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Jama'a ba su manta da abin da ya auku a Majiya ta Jihar Jigawa ba a watan Oktoba 2024, sa'ad da tankar fetur ta faɗi, mutane suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Fetur ɗin da ke ɗiga kusa da salansa mai zafi, bisa kuwa ga auduga ko harawa, irin wancan ne.

INDA FAMFON YA KE

A tsofaffin motoci masu kafireto famfon mai yana manne a jikin inji, inji ne ke motsa shi. A motocin fetur na yanzu kuwa, irin a-kori-kura da manoma da fatake suka fi aiki da su, famfon na lantarki ne, a cikin tanki ya ke, nutse cikin mai. An rataye shi a jikin wani murfi da ke bisa tanki. Tare da shi akwai 'yar rariya mai tace datti, da wani ƙwallo mai yawo a kan mai wanda ke gaya wa allurar gaban direba yawan abin da ya rage. Ta cikin murfin nan wayoyin lantarki ke shiga, ta nan kuma bututu ke fita, ɗaya mai kai mai ga inji, a wasu motoci da na biyu mai komo da ragowa. Tsakanin murfi da tanki akwai zoben roba mai hana mai fita.

Abin lura shi ne ƙarfin da famfon nan ke tura mai da shi. In mai faci ya auna tayar ƙaramar mota, ma'auninsa ya kan nuna 30 zuwa 40. To, a kan ma'aunin nan, famfon tsohuwar mota mai kafireto bai wuce 3 zuwa 7 ba, amma na cikin tanki ya kan kai 40 zuwa 60. Saboda haka hudar da ba ta fi bakin allura ba, feshi ta ke yi, kuma irin ɗaurin da ya riƙe tsohuwar mota ba zai riƙe wannan ba.

ME KE KAWO TSATSA?

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya sami ruwa da iska, in kuwa da gishiri sai abin ya yi sauri. Bisan tanki wuri ne da ba mai gani, ba mai wankewa. Taɓo ya kan hau ya kwanta kewaye da murfi, ya riƙe laima kwana da kwanaki bayan ko'ina ya bushe.

Motar manomi tana da wani abokin gaba kuma, watau takin zamani. Taki dangin gishiri ne, yana jan laima daga iska. In buhu ya yage a bayan mota, garinsa ya kan bi ramukan bodi ya sauka daidai bisa tanki, ruwan sama ya narkar da shi, ya shiga cin ƙarfe. Motar da ta yi jigilar taki a farkon damina ba a wanke ta ba, ita ce ke yoyo da kaka.

Motocin da aka sayo na hannu daga Turai ko Amurka ko Kanada, da yawansu da ciwonsu su ke zuwa, domin a ƙasashen nan a kan watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Mai sayen irinsu ya duba ƙarƙashi tukuna, kada ƙyallin fenti ya ruɗe shi.

Akwai kuma tsatsar ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, in ya shiga tanki gindi ya ke kwanciya. Ya kan shiga ta man duro ko na jarka da aka ajiye a waje, ko ta raɓar da ke taruwa a tankin da ke kwana kusan wofi.

YADDA ZA A GANE WURIN YOYO

Kada a kwance ko kusa ɗaya sai an san inda mai ke fita. Lokacin da yoyon ke zuwa shi zai nuna wurin. In sai an cika tanki ya ke yi, ya daina in mai ya ragu, to, zoben roba ne ya mutu, ko murfin kansa ya huje. In sai inji na aiki ya ke yi, bututun da ke kai mai ne. In kuwa dare da rana ne, ko mota na tsaye, a duba gindin tanki. Wata alama kuma, motar da bututunta ya huje ta kan yi nauyin tashi da safe, ta riƙa shaƙewa a hawa in ta ɗau kaya.

A wanke taɓon bisa tanki, a bari ya bushe sarai, a barbaɗa garin alli ko toka mai sanyi. Sa'an nan mutum ɗaya ya murɗa makulli ba tare da ya ta da inji ba. Famfon zai yi 'yar ƙara na daƙiƙa biyu ko uku ya tsaya. Ɗayan yana kallo, inda garin ya fara jiƙa nan ne hudar. Da rana za a yi wannan, in ana bukatar haske a yi da tocila. Ashana da fitilar kananzir ba su da wuri a nan.

SHIRI KAFIN AIKI

A kai mota fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, da teburin mai shayi, da mai walda, da janareta. Kada a yi aikin a kan ramin gareji, gama nan tururi ke taruwa. Mai shan taba ya yi nisa, yara ma haka. A ajiye bokitin yashi biyu da tukunyar kashe gobara kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, sai dai ya ɗauke ta ya yaɗa.

A cire fis ɗin famfo, a ta da inji, a bar shi ya mutu da kansa. Wannan shi ke sauke ƙarfin man da ke cikin bututu. Bayan haka a cire wayar batir, wadda ke haɗe da jikin mota, a kau da ita gefe. Kowace mahaɗa za a kwance, a lulluɓe ta da tsumma tukuna, don sauran mai kada ya fesa a ido.

A kwashe man tanki da famfon hannu, a zuba a abin da ke da murfi, a kai inuwa can nesa. Kada a zuƙa da baki. Fetur kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ya kan kwantar da shi asibiti, wani lokaci ya kashe. Kwashewar tana da wani amfani kuma: lita ɗaya ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, tanki mai lita 80 ke nan ya kai kilo 60 ban da nauyin ƙarfensa, ba abin saukewa a kan ƙirji ba ne.

Wasu motoci suna da 'yar ƙofa daidai bisa murfi. In babu, ko dai a sauke tanki, ko a kwance bodin baya a ɗaga. In da mutum huɗu, ɗaga bodi ya fi sauƙi, kuma a kan ga aikin sarai. In za a shiga ƙarƙashi, a tare tayoyi da duwatsu, a tokare mota da gungumen itace mai ƙwari. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne, bulon siminti kuwa ya kan farfashe ba zato.

FITAR DA FAMFO

A share ƙasar da ke kewaye da murfi kafin a buɗe, in ba haka ba duk cikin tanki za ta zuba. Kusoshin da suka yi tsatsa a jiƙa su da man sassauta tsatsa tun daren jiya, a bi su a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya karya kusa a jikin tanki, garin gyaran gira ya rasa ido.

A wasu motoci wani zoben ƙarfe ne ke danne murfin, juya shi a ke yi. A buga shi da guntun katako mai ƙarfi ko tagulla. Kada a sa cizal, domin ƙarfe a kan ƙarfe ya kan ba da tartsatsi. A yi alama da alli inda bututu ke fuskanta. Sa'an nan a zaro famfon a karkace, sannu sannu, kada sandar ƙwallo ta lanƙwashe allura ta koma yin ƙarya. A rufe bakin tanki da tsumma mai tsabta.

GYARA KO SAKEWA?

Nan ne mai mota ya kamata ya tsaya da kansa. A kai famfon nesa da tanki, a wanke, a goge tsatsar da burushin waya da samfefa, da hannu, ba da injin gurza ba. Sa'an nan a bi ko'ina ana dannawa da bakin sukudireba. Tsatsa hawa uku ce.

In ta bisa ce kurum, an goge ƙarfe ya fito fari, bai lotsa ba, to, murfin lafiya lau. A shafa fentin hana tsatsa a wajensa, ban da gefen da ke kallon mai, a sake zoben roba, shi ke nan.

In bututu ne ya huje can nesa da murfi, gindinsa kuwa da ƙarfi, ana iya ceto shi. A yanke ruɓaɓɓen wurin da zarton hannu har a kai ƙarfe mai kyau, a share garin ƙarfen, a ɗan buɗa bakin bututu ya yi leɓe don tiyo kada ya zame, a haɗa da tiyon mai, a ɗaure kowane gefe da kilif biyu. Amma fa tiyon ya zama wanda aka yi don famfon lantarki, mai zare a cikinsa, a kan rubuta ƙarfin da ya ke ɗauka a jikinsa. Tiyon ruwa ba ya jimre wa fetur. Guntun da ke zama cikin tanki kuma irinsa dabam ne, wanda aka yi don nutso cikin mai. Na waje in an sa shi ciki, bayansa ya kan kumbura ya sassabe.

In kuwa tsatsar ta ci gindin bututu daidai inda ya shiga murfi, ko murfin ya yi ramuka, ko sukudireba ya nutse, to, ba sauran gyara, sai sabo. Ƙarfen da ya huje wuri ɗaya a nan, kewayensa duka ya yi siriri, in an toshe yau gobe gefensa zai buɗe. Walda ma ba ta cika fisshe shi ba, domin zafi ya kan ƙone robar da wayoyi ke bi ta cikinta. Mai zuwa sayen sabo, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a Panteka ta Kaduna, ko a kasuwar garinsu, ya tafi da tsohon a hannu, ya gwada tsawo, da yawan bututu, da bakin waya. In na hannu zai saya, ya danna shi da sukudireba kamar yadda ya yi wa nasa.

Game da sabulu da gam da robar taya da a kan liƙa a hanya: sabulu ya kan riƙe 'yar hudar gindin tanki na ɗan lokaci, gama fetur ba ya narkar da shi, amma kududdufin farko zai wanke shi. A kan bututu mai ƙarfin 50 kuwa ba abin da zai yi. Dabarar isa gari ce, wanda ya mai da ita gyara ya yi gyaran gangar Abzinawa.

Abu ɗaya kuma wanda ba a sassauta shi: kada a kusantar da wutar walda ga tanki don wai an zubar da mai. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururi ya gauraya da iska a ciki, daidai yadda zai fashe. Tankin da ya huje a kai wa masu sana'arsa, ko a sake wani.

MAYARWA DA GWAJI

Tun da tanki a buɗe ya ke, a haska tocila a duba gindinsa. In da ruwa ko garin tsatsa, a sauke shi a wanke, a shanya har ya bushe ƙayau. A sake rariyar famfo da matatar mai ta kan hanya. Sabon famfo a tanki mai datti ba ya daɗewa.

Zoben roba lalle sabo, ko da tsohon ya yi kyan gani. A goge mazauninsa ya yi sumul. Kada a shafa gam, domin fetur ya kan narkar da shi, guntayensa su toshe rariya. A mai da murfi bisa alamar alli, a ɗaure kusoshi kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi, har su zauna daidai. A kankare wurin da wayar jikin mota ke kamawa ya yi fari.

Kafin a mai da bodi, a zuba mai kamar lita 10, a mai da fis da wayar batir, a murɗa makulli a kashe har sau uku. A bi kowace mahaɗa da farar takarda. In ta fito a bushe, a ta da inji ya yi minti 10, a sake bi. Gwajin ƙarshe sai ran da aka cika tanki, gama a nan ne zoben roba ke faɗin gaskiya.

MANYAN MOTOCI DA TARAKTA

Masu aiki da man gas, da tsofaffi masu kafireto, yawanci famfonsu na jawo mai a jikin inji ya ke, da wani faifan roba a ciki. In ya yage, mai ya kan ɗiga ta 'yar ƙofar da ke ƙasan famfo, ko ya gangara cikin baƙin mai. In aka zaro sandar awo aka ga baƙin mai ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin fetur ko gas, a tsai da inji, a sake faifan ko famfon, a juye baƙin man duka. A motar gas kuma, bututun da ya huje tsakanin tanki da famfo ya kan sha iska maimakon ya zubar da mai, inji ya riƙa mutuwa. Bayan gyara sai an fitar da iskar. Amma babban famfo da siraran bututun da ke zuwa kan inji, a bar wa gwanayensu. Kada a laluba yoyonsu da hannu, ƙarfin man wurin yana huda fata.

RIGAKAFI

A shimfiɗa tamfol kafin a loda taki, in an sauke a share, a wanke bodi da ƙarƙashinsa a ranar. Da damina a riƙa watsa ruwa bisa tanki ana kore taɓo. Kada a bar mai ya sauka ƙasa da rubu'in tanki, gama man ne ke sanyaya famfo. Man duro a bar shi ya kwanta, a tace da mazurari mai ƙyalle, a bar na gindi.

Manomi ba ya jiran ranar girbi kafin ya gyara rumbu. Haka mai mota, ya ba ta yini ɗaya tun kaya ba su taru ba. Wanda kuma zai yi hayar mota ya kai amfaninsa Dawanau ko wata kasuwa, ya zaga bayanta ya shinshina kafin a ɗora buhun farko. In ya ji fetur, ya nemi wata. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.